Sergei Ignashevich: Tsohon Da Ya Ci Gida Bai Sunkuyar Da Kai Ba

Jama'a, duk wanda ya kalli wasan Rasha da Sifaniya na ranar Lahadi 1 ga watan Yuli, 2018 ba na jin zai manta abin da ya faru a minti na 12. An ba Sifaniya bugun tazara daga ɓangaren dama, Marco Asensio ya ɗago ƙwallo zuwa bakin raga, sai ga wani dattijo mai lamba 4 a baya ya ruƙunƙume Sergio Ramos kamar a filin kokawa, suka tafi ƙasa tare. Shi bai ma san inda ƙwallon take ba, ashe ta sauka a bayan ƙafarsa, ta wuce gola Igor Akinfeev ta faɗa raga. Ya ci gida. A Mosko garinsu, cikin filin Luzhniki da ya cika maƙil da mutane wajen 78,000, a gasar cin kofin duniya da ƙasarsa take karɓar baƙunci. A gidan kallon da nake zaune ran nan dariya aka kwashe da ita, wani yaro a bencin bayana har da cewa wai wannan baban jikokinsa suna gida suna jiran sa.

Sunan dattijon Sergei Ignashevich, kuma a ranar saura kwana 13 ya cika shekara 39. Da wannan ƙwallon ya zama ɗan wasa mafi yawan shekaru da ya taɓa cin gida a tarihin gasar. Abin da yaron nan bai sani ba shi ne, mutumin da yake yi wa dariya ya fi kowa buga wa Rasha wasa, kuma shekara biyu kafin wannan rana ya riga ya yi sallama da ƙungiyar ƙasar, roƙon sa aka yi ya dawo. To shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarinsa tun daga tushe, don aikin ɗan baya kura da shan bugu ne gardi da kwashe kuɗi. Ya tare ƙwallo ɗari babu mai tunawa, ɗaya ta kuɓuce masa a yi ta nuna ta har jikoki.

An haife shi a Mosko ranar 14 ga watan Yuli, 1979, lokacin ana Tarayyar Sobiyet, yana da shekara 12 tarayyar ta wargaje. A makarantar yara ta ƙungiyar Torpedo ya koyi ƙwallo, wato ƙungiyar da ta tashi a jikin babbar masana'antar ƙera motoci ta ZIL, amma da ya girma bai samu shiga babbar ƙungiyar ba. Sai ya gangara wani gari mai suna Orekhovo-Zuyevo da ke gabas da Mosko, garin masaƙu, ɗaya daga cikin wuraren da ƙwallo ta fara kafuwa a Rasha ta hannun Turawan Ingila masu aiki a masaƙun. A nan ya fara buga wasan manya a ƙananan rukunai. Daga can aka ɗauke shi zuwa Krylia Sovetov ta birnin Samara a bakin kogin Volga, inda ya fara ɗanɗana babbar gasar ƙasar, kafin a 2001 Yuri Semin ya kawo shi Lokomotiv, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa.

Sai mai karatu ya san halin da ake ciki a lokacin kafin ya gane darajar abin da ya biyo baya. Tun da aka fara gasar Rasha a 1992 har zuwa 2001, kaka goma ke nan, Spartak ta Mosko ce ta cinye tara, sau ɗaya kacal Alania ta garin Vladikavkaz ta ƙwace a 1995. Mutane har sun saba. A 2002 ne abin ya karye, Lokomotiv da CSKA suka gama kaka da maki ɗaya, aka ce sai an yi wasa guda na raba gardama. Dmitri Loskov ya ci tun da wuri, 'yan bayan Lokomotiv suka rufe ƙofa har aka tashi 1–0. Wannan shi ne kofin gasar ƙasa na farko a tarihin ƙungiyar, kuma Ignashevich yana tsakiyar bayan, yana ɗan shekara 23. A wannan shekarar aka fara kiran sa ƙungiyar ƙasa. A watan Yuni na 2003 aka je Basel, Suwizalan ta ci Rasha biyu, shi ɗan bayan ne ya farke duka biyun aka tashi 2–2.

Da kwantiraginsa ta ƙare a ƙarshen 2003 sai ya tsallaka CSKA, wato ƙungiyar da ya hana kofi shekara guda kafin nan, ƙungiyar sojoji wadda abokan hamayya ke wa laƙabi da dawakai. Magoya bayan Lokomotiv ba su ji daɗi ba, kuma ba a ce su ji ba. Amma ni a ganina wannan ƙaura ita ce ta gina shi, don a can ya haɗu da mutum uku da sunansa ba zai sake rabuwa da nasu ba: tagwayen nan Vasili da Aleksei Berezutski, sai yaro mai tsaron raga Akinfeev. Su huɗun nan suka shafe sama da shekara goma suna tare a ƙungiya, suna tare a ƙungiyar ƙasa. Irin zaman da in ɗaya ya ɗaga gira sauran sun san inda za su tsaya.

Ba mai gudu ba ne, wannan kowa ya sani, har lokacin da yake matashi. Abin da yake da shi shi ne lissafi. Kafin ɗan tsakiya ya saki ƙwallo ya riga ya karanta inda za ta, ya matsa taku biyu, sai ka ga ɗan gaba mai gudun barewa ya iso ya tarar da mutum tsaye yana jiran sa. Ga tashi sama, ga doguwar ƙwallo daga baya zuwa gefe, ga ƙafar dama mai nauyi da yake zabga bugun tazara da ita daga nesa. Irin wannan ɗan wasa ba ya burge 'yan kallo masu son yanka da gwaninta, amma shi koci yake fara rubutawa a takarda. Kuma irin wannan wasan ne kaɗai shekaru ba sa cinyewa da wuri, don wanda bai dogara da gudu ba ba shi da gudun da zai rasa.

Babbar ranarsa ta ƙungiya ita ce 18 ga watan Mayu, 2005. CSKA ta Valery Gazzaev ta faɗo daga gasar Zakarun Turai bayan ta zo ta uku a rukunin da ke da Chelsea da Porto da PSG, ta shiga Kofin UEFA, ta bi ta kan Benfica da Partizan da Auxerre da Parma. Wasan ƙarshe kuwa abin dariya abin tausayi, don an riga an tsayar tun farko cewa a filin José Alvalade na Lisbon za a yi, sai ga shi masu filin, Sporting, su ne suka fito. Ka je gidan mutum ka ce za ka ƙwace masa akushi a gaban iyalinsa. Sergei Semak wanda yake kyaftin ya tafi PSG a watan Janairu, don haka Ignashevich ne ya ɗaura ƙyallen. Rogério ya ci wa Sporting kafin hutun rabin lokaci, gari ya ɗauki murna. Da aka dawo Aleksei Berezutski ya farke da ka, Yuri Zhirkov ya ƙara, Vágner Love ya rufe, duka ukun daga ƙafar Daniel Carvalho ɗan Brazil suka fito. Aka tashi 3–1. A zamanin Sobiyet Dynamo Kyiv da Dinamo Tbilisi sun ɗauko kofunan Turai, amma ɗaya ta Yukren ce ɗaya ta Jojiya. Ƙungiyar Rasha ba ta taɓa yi ba sai ran nan, kuma hannun Ignashevich ne ya ɗaga kofin. A gefen damansa a wannan daren akwai ɗan Najeriya, Chidi Odiah.

Tun da na ambaci Odiah bari in ƙarasa, don CSKA ba baƙuwar ƙungiya ba ce a wurinmu. Moussa Maazou ɗan Nijar ya je can a 2009, ko da yake zamansa bai yi tsawo ba. Sai kuma namu Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars kafin ya tafi Holan, ya isa Mosko a watan Janairu na 2012. Kofunan gasar Rasha uku da Musa ya ɗauka, na 2013 da 2014 da 2016, duk da Ignashevich a bayansa ya ɗauke su. Mu muna nan muna ƙirga ƙwallayen Musa, ba mu taɓa tambayar wa yake hana a farke su ba. In aka haɗa da na 2005 da 2006 da kuma wancan na Lokomotiv, kofin gasar ƙasa shida ke nan dattijon ya tara.

A ƙungiyar ƙasa kuwa labarin ya fi ɗaci fiye da zaƙi. Zaƙin na 2008 ne, a gasar ƙasashen Turai, kuma shi ma da wulaƙanci ya fara. Koci Guus Hiddink ɗan Holan ya ajiye shi a benci a wasan farko, ya sa Roman Shirokov wanda asalinsa ɗan tsakiya ne a gurbinsa. David Villa ya ci uku, Sifaniya ta lallasa su 4–1. Daga nan Hiddink ya gane sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ya dawo da Ignashevich. Aka ci Girka 1–0, aka ci Suwidin 2–0, ba a zura musu ko ɗaya ba. Ranar 21 ga Yuni a Basel suka fitar da Holan 3–1 bayan ƙarin lokaci, Holan ɗin da ta gama ragargazar Italiya da Faransa. Duniya ta tafi da sunan Andrei Arshavin, kuma ya cancanta. Sifaniya ta sake tare su a wasan kusa da na ƙarshe ta ci su 3–0.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar doguwar magana. A 2009 ƙaramar ƙasa Sulobeniya ta hana su zuwa kofin duniya na Afirka ta Kudu. A ƙarshen wannan shekarar gwajin da aka yi bayan wasa da Manchester United ya nuna wani sinadari da aka hana a jikinsa da na Aleksei Berezutski, aka bincika aka gano maganin mura ne, hukuncin ya tsaya a wasa ɗaya. A 2012 suka fara da cin Cek 4–1, kowa ya ce ga su nan, sai a wasan ƙarshe na rukuni da Girka aka yi jifa, ya tashi ya sa kai ƙwallon ta zame ta faɗa gaban Giorgos Karagounis, ya ci, Rasha ta koma gida. A Brazil a 2014 ba su ci wasa ko ɗaya ba, Aljeriya ce ta ƙarasa su da kunnen doki. A watan Satumba na 2015 ya buga wasansa na 110 ya wuce tarihin Viktor Onopko. A Faransa a 2016 Wales ta yi musu 3–0, 'yan jaridar ƙasar suka yi ta cewa bayan Rasha ya tsufa, shi kuma ya janye jikinsa.

Da a littafi na rubuta abin da ya faru a 2018, na san akwai masu karatun da za su ce na cika ƙarya. Gasa ta matso, tagwayen Berezutski sun ce sun gama da ƙungiyar ƙasa. Samarin da koci Stanislav Cherchesov ya dogara da su, Georgi Dzhikiya da Viktor Vasin, duk biyun suka ji ciwo a gwiwa. A watan Mayu Ruslan Kambolov shi ma ya ji rauni. Rasha ita ce ta ƙarshe a jerin FIFA cikin ƙasashe 32 da za su buga, ta 70 a duniya, kuma ta yi wasa bakwai a jere ba ta ci ba. A wannan hali aka kira mutumin da yake shirin ajiye ƙwallo gaba ɗaya.

Ku duba abin da yake gabansa. In ya ƙi, babu mai zargin sa, ya yi nasa. In ya amsa aka sha kashi a gida a gaban duniya, hotonsa ne za a riƙa nunawa yana bin bayan yaran da ya kusa haifa, kuma da shi za a rufe littafinsa. Mutum ya shekara ashirin yana tara suna, a ce ya ɗora shi duka a kan wasa uku. Ya amsa.

Aka ci Saudiyya 5–0, aka ci Masar ta Mohamed Salah 3–1, Uruguay ta ci su 3–0, amma sun riga sun fita daga rukuni, abin da Rasha ba ta taɓa yi ba a kofin duniya tun bayan rushewar Sobiyet. Sai ranar da na buɗe da ita. Bayan cin gidan nan akwai sauran minti 78, aka ƙara 30, kuma Sifaniya ta riƙe ƙwallo ta yi ta zagaye da ita, sama da sau 1,000 suka miƙa wa juna. Artem Dzyuba ya farke da fenariti bayan ƙwallo ta taɓa hannun Piqué. Daga nan har aka busa tashi Sifaniya ba ta sake ganin raga ba, tsohon yana tsakiyar mutum biyar na baya yana nuna wa kowa wurin tsayawa. Aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ni dai da na ga ya fito a matsayin na biyun Rasha sai da gabana ya faɗi, na ce wannan in ya zubar ina zai sa kansa? Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya aika ta raga. Akinfeev ya tare ta Koke, ya tare ta Iago Aspas da ƙafa, Sifaniya ta tattara kayanta. Yaron bencin baya bai sake magana ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kwana shida bayan haka a Sochi aka yi 2–2 da Kuroshiya, aka sake zuwa fenariti. Ya sake fitowa ya sake ci, amma Fyodor Smolov da Mário Fernandes sun zubar, Rasha ta fita. A daren ya sanar da cewa ya gama. Wasa 127 ya buga wa ƙasarsa, babu minti ɗaya na gasar da ya zauna a benci.

Saura aikin koci, kuma a nan ne masu son sa da masu sukar sa suke rabuwa. Ya fara da matasan CSKA, shekara guda. A watan Yuni na 2019 Torpedo, wadda ba ta ga amfaninsa ba yana yaro, ta kira shi ya zama babban kocinta, lokacin ta hau rukuni na biyu ke nan. Suka fara da ƙarfi har suka riƙe saman tebur na wani lokaci, sai suka yi sanyi, annobar korona ta tsayar da gasar a watan Maris na 2020 suna na huɗu, aka ɗaga Rotor da Khimki. A watan Maris na 2021 aka raba gari. Shekara guda bayan tafiyarsa Torpedo ta hau babbar gasa a hannun wani. A daidai wannan tsakanin tsohon abokinsa Aleksei Berezutski ya samu kujerar babban kocin CSKA, shi kuwa yana can yana fama a ƙasa.

A watan Oktoba na 2021 ya karɓi Baltika ta Kaliningrad. Garin nan wani yanki ne na Rasha da ya rabu da jikin ƙasar, yana maƙale tsakanin Polan da Lituweniya a bakin tekun Baltik, a da na Jamus ne ana kiran sa Königsberg har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Mu mun san filinsu, don a nan Kuroshiya ta ci Najeriya 2–0 ranar 16 ga Yuni, 2018. An gina katafaren fili saboda kofin duniya, amma ƙungiyar garin rabonta da babbar gasa tun 1998. Kowane wasan waje tafiya ce mai nisa, a rukuni na biyu kuma har Khabarovsk ake zuwa, can kusa da iyakar Sin. Watanni kaɗan da zuwansa, a Fabrairu 2022, FIFA da UEFA suka dakatar da Rasha saboda yaƙin Yukren, ƙwallon ƙasar ta koma cin tuwonta ita kaɗai. A cikin wannan yanayi ya haɗa ƙungiyar da ta zo ta biyu a bayan Rubin Kazan a kakar 2022–23, Baltika ta koma sama bayan shekara 25.

Kakar da ta biyo ita ce take rikita mai son yanke hukunci. A gasar ƙasa abin bai yi kyau ba, suka ƙare na 15 cikin 16, suka koma inda suka fito. Amma a Kofin Rasha wannan ƙungiyar dai ta yi ta ture manya, ta fitar da Spartak da ci 1–0, ta isa wasan ƙarshe. Ranar 2 ga Yuni, 2024, mako guda bayan faɗuwarsu, suka shiga Luzhniki, filin da ya ci gida a cikinsa, don karawa da Zenit mai kuɗi wadda ta ɗauki gasar ƙasa sau shida a jere. Kocin Zenit kuwa ba kowa ba ne illa Sergei Semak, wanda ya bar masa ƙyallen kyaftin a 2005. Baltika ta ci kafin hutun rabin lokaci, ta koma baya ta rufe ƙofa irin yadda maigidanta ya saba yi da jikinsa. Saura kamar minti goma Zenit ta farke, a cikin mintunan da alƙali ya ƙara ta ci ta biyu.

Masu suka suna cewa ya iya hawa bai iya zama ba, kuma alƙaluman suna bayansu. Ni kam ina ganin wanda ya ɗauko ƙungiyar da aka manta da ita shekara 25 ya kai ta saura minti goma ta ɗauki kofi bai cancanci a kira shi wanda ya gaza ba, ko da yake ba zan yi musu da wanda ya ce har yanzu kocin bai kamo ƙafar ɗan wasan ba. Sabuwar kaka ta fara a rukuni na biyu, sakamako bai zo yadda shugabanni suke so ba, a watan Satumba na 2024 ya bar Kaliningrad. Andrei Talalaev ya karɓi ƙungiyar, a ƙarshen wannan kakar Baltika ta zo ta ɗaya ta koma babbar gasa.